MOTA DA MAI ITA: In Ma'aunin Iska Ya Fara Yi Wa Inji Ƙarya

A wannan wata za mu tattauna ne a kan wani ɗan ƙaramin abu da ke jikin injin mota, wanda mutum zai iya jefa shi a aljihun riga ya yi tafiyarsa, amma kuwa ya cinye wa direbobinmu kuɗin da in an tara za a biya wa yara da yawa kuɗin makaranta. Abin nan shi ne ma'aunin iska, wanda fitocinmu, wato makanikai, ke kira iyafulo, a takardun mota kuma ake rubuta shi da haruffa uku, MAF.

Abin da ya jawo maganar, wani dattijo ne maƙwabcinmu a nan Kumasi, wanda ya yi shekara fiye da talatin yana tuƙin tasi. Ran nan da yamma muna dawowa daga makaranta ya tare mu a ƙofar gida, ya ce, "Tica, ku da kuke karanta takardu, zo ka gaya mini abin da ke damun motar nan. Ta koma kamar akuyar da ke ci ba ta ƙiba. Mai take sha kamar ruwa, in na taka ta kuwa sai ta tsaya tunani." Muka ce, "To Baba, me da me aka yi mata?" Sai ya shiga lissafi da yatsu. An canja fulogi, an canja famfon mai, an wanke nozul har sau biyu, yanzu kuma an ce masa giya ce, ya nemo kuɗi a sauke ta. Kafin a kai ga sauke giyar ne muka raka shi wurin wani yaro mai gyaran wutar mota. Yaron ya jona kwamfutarsa, ya duba na 'yan mintoci, ya kwance noti biyu, ya zaro ma'aunin iska. 'Yar wayar da ke cikinsa ta yi futu-futu da ƙura, filtar iska kuwa ta yage ta gefe guda. Aka wanke ma'aunin, aka sa sabuwar filta, mota ta dawo hayyacinta.

Ba ma ganin laifin dattijon, ba ma kuma ɗora wa fitocin dukkan laifi. Shi da su duk a zamanin kafireto suka koyi mota, lokacin Datsun da Peugeot 504, sa'ad da masta zai kara kunne a jikin inji, ya murɗa noti ɗaya da sukundireba, silo ya zauna daram. Motocin da ake saukewa a tashar jirgin ruwa ta Tema a yau ba su da wannan noti. Kwamfuta ce, wadda ake kira birenbos, ke raba mai, ita kuwa ba ta da ido ba ta da kunne, abin da na'urorin jikin inji suka gaya mata shi take aiki da shi.

To bari mu ɗan koma aji. Injin fetur iska yake ci fiye da mai. Domin fetur ya ƙone ƙurmus yana bukatar iskar da ta ninka shi nauyi sau 14.7. Lita ɗaya ta fetur nauyinta kusan giram 750 ne, in muka ninka sai mu sami kusan kilo 11 na iska, kilo 11 na iska kuwa ya kai kimanin lita 9,000. Wato ke nan duk litar fetur ɗaya da mota ta sha, ta shaƙi iskar da za ta cika durom 45 irin na lita 200. Ku lura, nauyi muka ce, ba yawa ba, domin iska ba ɗaya ba ce. Ta tsakar rana a Tamale cikin watan Maris ta fi ta asubahin hunturu sauƙin nauyi, ta kan dutsen Kwahu kuma ta fi ta bakin teku sauƙi. Saboda haka kwamfuta na bukatar wanda zai riƙa auna mata iskar nan a kowane lokaci.

Wannan shi ne aikin ma'aunin iska. In ka ɗaga bonet ka bi babbar mesar roba da ta taso daga akwatin filta ta nufi bakin totur, za ka gan shi a nan kusa da akwatin, da soket na wayoyi a kansa. A cikinsa akwai wata waya siririya kamar gashin kai, ko kuma ɗan falle mai kama da ɓawon albasa, wadda lantarki ke ɗumamawa. Iskar da ke wucewa tana sanyaya ta, kamar yadda muke hura koko in ya yi zafi. Na'urar kuwa ba ta yarda wayar ta huce, sai ta ƙara mata wuta. In iska ta yi yawa wutar da za a ƙara ta yi yawa, in ta yi kaɗan ta yi kaɗan. Daga yawan wutar nan ne kwamfuta ke gane giram nawa na iska ke shiga a kowace daƙiƙa, sa'an nan ta yanke tsawon lokacin da za ta buɗe nozul.

Dabarar ba sabuwa ba ce. A shekarun 1970 kamfanin Bosch na Jamus ya fito da tsarin L-Jetronic, mai wata 'yar ƙofa da iska ke turawa, ana auna yadda ta buɗe. A farkon shekarun 1980 suka fito da LH-Jetronic mai waya ta ƙarfen filatinam. Wannan yana da wata hikima da muke sha'awa: da zarar an kashe mota sai ya zafafa wayar ta kai wajen digiri 1,000 na kamar daƙiƙa guda, ta ƙone dattin da ya manne mata. Yawancin na yanzu ba su da wannan, dattin da ya hau yana nan har sai an wanke.

Abin da muke so mai karatu ya riƙe shi ne, ba kasafai ma'aunin nan ke mutuwa farat ɗaya ba. Da zai mutu gaba ɗaya ma da ya fi sauƙi, don kwamfuta za ta gane nan take. Ƙarya yake farawa da ita, kaɗan-kaɗan. Ƙura da tururin baƙin mai su lulluɓe wayar kamar bargo, iska ta daina sanyaya ta yadda ya kamata, sai ya ce iska kaɗan ce ta shiga alhali mai yawa ce. Kwamfuta ta yarda, ta rage mai, inji ya zauna da yunwa. Wani lokaci kuma, in kayan wutar cikinsa ne suka taɓu, sai ya ƙara a kan gaskiya, kwamfuta ta yi ta ɗura mai har inji ya ƙware. Akwai dai shaida ta biyu, wato ma'aunin hayaƙi da ke jikin salansa, wanda ke gaya wa kwamfuta ko man ya ƙone daidai, ita kuma ta riƙa gyara lissafinta. Wannan ne ke rufa wa ma'aunin iska asiri na watanni. Amma gyaran yana da iyaka, yana kuma zuwa ne bayan an riga an yi kuskuren. Bugu da ƙari, a motoci da yawa in direba ya danne totur har ƙasa kwamfuta ba ta sauraron shaida ta biyu, da maganar ma'aunin iska kaɗai take aiki.

Shi ya sa alama ta farko, wadda kuma ta fi ba mu tsoro, a wurin taka mota take fitowa. Kana tafiyarka a hankali cikin gari ba ka jin komai. Ka hau hanyar Kumasi zuwa Ankara, ka biyo bayan tirela mai ɗauke da gungumen katako, ka leƙa ka ga hanya, ka fita ka taka. Maimakon mota ta zabura sai ta yi kamar an riƙe ta ta baya, ta yi shiru na daƙiƙa ɗaya ko biyu, ko ta yi ta fizga. Daƙiƙa biyun nan a gefen tirela, ga babbar bas ta taho, kowa ya san abin da ake nufi. Haka nan a hawan dutsen Aburi, ko hawan Kwahu daga Nkawkaw: motar da a da ke hawa da giya ta uku, yanzu sai an koma ta biyu tana nishi. Direbobi kan ce mota ta tsufa ne, ko kuwa man da aka sha ne ba shi da kyau. Yana yiwuwa. Amma in an sha mai a wurare dabam-dabam abin bai canja ba, to a daina zargin mai.

Ta biyu a silo take. Allurar da ke nuna juyin inji ta riƙa hawa da sauka da kanta, sitiyari na karkarwa, in ka tsaya a danja ko cunkoson Kejetia mota ta mutu, musamman in an kunna na'urar sanyi. Wata kuma da safe za ta tashi lafiya, bayan daƙiƙa biyu ko uku ta mutu, sai ka riƙe ta da totur. Duk direban da ya koyi taka birki da ƙafar hagu don ta dama ta zauna a kan totur kada mota ta mutu, to motarsa ta daɗe tana yi masa magana.

Ta uku shan mai. In ƙaryar ta ƙari ce za ka ga baƙin hayaƙi a salansa, ka ji warin ɗanyen fetur, in an kwance fulogi a same su baƙi ƙirin da kunkunniya. A nan ne ake sayen sababbin fulogi, mota ta yi daɗi na mako ɗaya ko biyu, su ma su yi baƙi, a ce jabu ne aka saya. Ko da ƙaryar ta ragi ce ma mai ba ya auki, domin direba na danne totur fiye da da don ya sami ƙarfin da ya saba samu. Mu yi lissafi. A ce mai tasi na shan lita 20 a rana, ma'auninsa ya sa yana asarar kashi ɗaya cikin goma. Lita 2 ke nan kullum, a kwana 26 na aiki lita 52, fiye da cikin tankin ƙaramar mota. Tun 2015 da aka sakar wa kasuwa farashin mai a ƙasar nan ake sake duba shi sau biyu a wata, kuma ba mu manta da ƙarshen 2022 ba, sa'ad da litar fetur ta haura sidi 15. Direban da ke kai wa mai mota kuɗi kullum, daga tukunyar gidansa ake cire wannan asara.

Ta huɗu ita ce ta kusa cinye maƙwabcinmu. A mota mai giyar otomatik, giyar na duba nauyin aikin da inji ke yi kafin ta canja, labarin nauyin nan kuwa daga ma'aunin iska yake zuwa. In labarin ya karkace sai giya ta riƙa jinkirin shiga, ko ta shiga da bugu, ko ta yi ta hawa da sauka ba dalili. Wanda bai sani ba zai rantse giya ce ta lalace. Sauke giya kuwa ba ƙaramin kuɗi ba ne, kuma giyar da aka buɗe ba dalili ba lalle ta koma yadda take ba.

Sai fitilar nan mai siffar inji da ke kunnuwa a gaban direba, wadda ake kira cek injin. A nan dole mu yi wa kanmu faɗa. Sau nawa muka shiga tasi muka ga an liƙe ta da baƙin salatif, ko an manna mata hoton ɗan ƙwallo? Wasu masu sayar da mota ma cire ƙwan suke yi ɗungurungum. Mai sayen mota ya murɗa makulli ba tare da ya tayar da inji ba: dole fitilar ta kama, in inji ya tashi ta mutu. In ba ta kama ba sam, an taɓa ta. Tun 1996 doka ta wajabta wa motocin da ake sayarwa a Amurka su zo da soket iri ɗaya mai rami 16 a ƙarƙashin sitiyari, Turai kuma ta bi sahu a 2001 ga motocin fetur, a 2004 ga na dizal. Ta nan ake jona kwamfutar bincike ta karanto lambobin ƙorafi. Daga P0100 zuwa P0104 duk na ma'aunin iska ne: P0101 na nufin abin da yake faɗa bai yi daidai da hankali ba, P0102 saƙonsa ya yi ƙasa ƙwarai, P0103 ya yi sama ƙwarai. P0171 kuwa cewa take mai ya yi wa inji kaɗan, P0172 ta ce ya yi yawa. Sai dai a sani, ma'auni na iya yin wata da watanni yana ƙarya fitila ba ta kama ba, muddin ƙaryar ba ta wuce iyakar da kwamfuta ke iya gyarawa ba.

'Yan'uwanmu masu turoturo irin Sprinter mai dizal, naku ya ɗan bambanta. Injin dizal na amfani da ma'aunin ne wajen taƙaita hayaƙi da kuma sarrafa bawul ɗin EGR, wanda ke mayar da wani kaso na hayaƙi cikin inji. In ma'aunin ya rage lissafi sai kwamfuta ta ƙi ba da mai, mota ta yi sanyi, a cika ta da fasinja ta kasa hawa, sau da yawa ba tare da wani baƙin hayaƙi ba. Amma in bawul ɗin EGR ne ya maƙale a buɗe saboda kunkunniya, iska mai kyau za ta ragu da gaske, ma'auni ya faɗi gaskiyarsa, a kama shi a canja a banza.

Wannan ya kawo mu ga wurin da kuɗi ke zurarewa. Duk alamun da muka lissafa babu ko ɗaya da ta keɓanta da ma'aunin iska. Famfon mai da ya gaji yana kawo jinkirin nan na wurin taka mota. Bakin totur mai datti yana ɓata silo. Fulogi ko kwayil da suka mutu suna sa fizga. Katalis da ya toshe a salansa yana shaƙe mota a hawa. Mesar roba da ta tsage tsakanin ma'auni da totur kuwa ita ce babbar munafuka, domin iska na shiga ta wurin tsagar ba tare da ta bi ta kan ma'auni ba, kamar kayan da suka shigo gari ba su bi ta kwastan ba. Ma'auni lafiyarsa ƙalau, amma lissafi ya ɓaci. Lambar da kwamfuta ta nuna ma gaya maka take daga wane ɓangare ƙorafi ya fito, ba ta ce ga mai laifi ba. Ɓera ya ci waya ɗaya, za ta nuna P0102, ka sayi sabon ma'auni goma ba za ta daina ba.

Saboda haka a bi abin daki-daki, daga wanda ba ya cin kuɗi. Da farko ma a tabbata motar na da shi, don ba kowace ke da shi ba. Corolla da Camry da Nissan da yawa suna da shi, amma ƙananan tasi irin Matiz da Picanto da i10 da wata na'ura dabam suke aiki, mai suna MAP, wadda ke auna ƙarfin zuƙar inji a bayan totur. Mai irin waɗannan in an ce masa iyafulo ɗinsa ya mutu, ya ce a nuna masa shi da yatsa. In akwai shi, a buɗe akwatin filta a duba. A kama mesar roba a lanƙwasa ta, a leƙa cikin kowace ninkawa, musamman ta ƙasa inda ido ba ya kaiwa. A taɓa kilif-kilif a ji ko sun saki. A zare soket a ga ko ya yi tsatsa ko kore. Wannan duka aikin minti goma ne.

Daga nan sai kwamfuta, kuma kada a tsaya ga karanta lamba a goge. Ka ce wa mai kwamfutar, "Masta, nuna mini abin da ma'aunin ke karantawa yanzu." In inji ya yi zafi, yana silo, an kashe na'urar sanyi da fitilu, yawancin motoci na karanta tsakanin giram 2 zuwa 7 a daƙiƙa gwargwadon girman inji, ƙananan tasi suna can ƙasa-ƙasa. In aka taka totur a hankali lambar ta riƙa hawa sumul, ba tsalle, ba tsayawa wuri ɗaya.

Akwai kuma wata lamba da ta fi wannan tona asiri, wadda ke nuna yawan gyaran da kwamfuta ke yi wa lissafin mai, ana rubuta ta LTFT, da kashi cikin ɗari. In tana kusa da sifili lafiya lau. In ta wuce 10, ko ta ƙari ko ta ragi, akwai magana. To ga dabarar, mai karatu ya rubuta ta ya ajiye a aljihun mota. A duba lambar a silo, sa'an nan a ɗaga inji zuwa juyi 2,500 a riƙe, ko ma a fita da motar kan hanya, a sake dubawa. In ƙarin man yana da yawa a silo amma ya sauka da aka ɗaga inji, to iska ce ke satar hanya ta wata tsaga a bayan totur, domin a silo iskar da inji ke ci kaɗan ce, 'yar tsaga ma babban kaso ce, in inji ya buɗe baki kuwa sai ta ɓace a ciki. In kuma a silo lafiya, amma ƙarin na hawa yadda gudu ke hawa, to zargi ya koma kan biyu: ma'auni mai datti, ko famfon mai da ya kasa. A nan sai a sa geji a auna ƙarfin famfon. In ƙarfinsa ya cika, saura ɗaya. Da an yi wa motar maƙwabcinmu wannan tun farko, da famfonsa na asali na nan a tanki.

Fitoci na da wani gwaji na gargajiya wanda shi ma yana da amfani. A kashe mota, a zare soket ɗin ma'auni, a tayar. Kwamfuta in ta rasa shi sai ta koma ga wani lissafi na ko-ta-kwana da aka ajiye mata. In mota ta fi daɗi babu shi, to da ma ƙarya yake yi, ko kuwa iska na shiga ta bayansa. Gwajin ba ya yanke hukunci shi kaɗai, don wasu motoci ba sa ko tashi in an zare. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne a zare a bar shi haka, a ce an gyara. Lissafin ko-ta-kwana na kai mota gareji ne, yawanci mai yake zubawa fiye da kima. Man da bai ƙone ba yana gangarawa ya tsinka baƙin mai, yana kuma zuwa ya ƙone cikin katalis har ya narkar da shi. Ƙarancin mai kuwa zafi yake ƙara wa inji, ka ji yana ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, in an daɗe a haka bawul ko fistin su ƙone.

In bincike ya tsaya kan ma'auni, a fara da wanki kafin saye. Akwai maganin feshi da aka yi musamman dominsa, da sunan MAF a jikin gwangwanin, wanda ke bushewa bai bar komai ba. A kashe mota, a bari ta huce, a zare soket, a kwance ma'aunin, a fesa wa wayar daga ɗan nesa sau da yawa, a ajiye shi a inuwa kamar minti 20 ya bushe sarai, sa'an nan a mayar. Kada a taɓa wayar da yatsa, ko auduga, ko buroshi, ko tsinken tsintsiya. Kada a hura ta da iskar kwamfaresa. Kada a wanke da fetur, ko kananzir, ko maganin wankin kafireto, ko man feshin kwance noti. Mun taɓa ganin yaron gareji ya tsoma ma'auni cikin kwanon fetur yana dirza shi da buroshin haƙori, da zuciya ɗaya kuwa, don haka ya ga ana yi wa kafireto. Wanki na maganin datti ne kawai. In kayan wutar ciki ne suka mutu, sai canji.

Wurin saye kuma akwai tarko. Ko a Suame Magazine ne nan Kumasi, ko Abossey Okai a Ankara, ka tafi da tsohon a hannu, ka gwama lambar da ke rubuce a jikinsa da ta wanda za a ba ka. Biyu na iya zama kamar tagwaye, su shiga rami ɗaya, soket ɗaya, amma an tsara su don inji dabam-dabam, sabon ya yi ta ƙarya tun ranar farko. Denso da Bosch da Hitachi su ne manyan masu ƙera na asali, masu jabu kuma sun iya buga waɗannan sunaye a kwali. A ganinmu na hannu na asali, wanda ake kira hom-yus, in an gwada shi a mota ya karanta daidai, ya fi sabo fil mai arha wanda ba a san asalinsa ba. A yi ciniki kan cewa za a gwada, in bai yi ba a mayar. In irin mai haɗe da bututunsa ne, akwai kibiya a jiki, bakinta ya dubi inji. Bayan an ɗaura a goge tsofaffin lambobi da tsohon lissafin da kwamfuta ta koya, a zaga da motar, a sake duba LTFT a gabanka. Tsohon kuma ka karɓi abinka, don in ta bayyana ba shi ne mai laifi ba, kana da na ajiya.

Saura maganar filta, wadda daga gare ta yawancin wannan wahala ke farawa. Daga wajen Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu na kwaso ƙura daga Sahara, mai yawa daga cikinta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ta sauke mana har bakin teku, ga kuma jar ƙasar hanyoyin unguwanninmu da ba su da kwalta. Ku tuna durom 45 na iska a kan kowace lita. Lokacin canjin filta da aka rubuta a littafin mota an yi shi ne don hanya mai tsabta, littafin da kansa yakan ce a gajarta in ana tafiya cikin ƙura. Mai tasi ya riƙa buɗe akwatin ko da sau ɗaya a wata a wannan lokaci. Ya ɗaga filtar ya dubi rana ta cikinta: in haske ba ya ratsawa ta toshe, in kuma ya ga ɗigon haske mai ƙarfi a wuri ɗaya ta huje. Ya shafa yatsa a cikin mesa ta bayan filta, in ya fito da ƙura to tana wucewa ta wani wuri. Filtar takarda ba a wanke ta da ruwa, ba a shafa mata mai, iskar kwamfaresa mai ƙarfi kuma tana buɗe mata ƙofofin da ido ba ya gani. Wadda ba ta zauna daidai cikin akwatin ba, ko akwatin da kilif ɗinsa ya karye aka ɗaure da waya, ƙura ta gefe za ta bi. In kuma an kai mota wurin wanki aka ce a wanke inji, a tsaya a wurin, a sa leda a rufe soket ɗin ma'auni da bakin akwatin filta kafin yaro ya ɗauko mesar ruwa.